Agashe: Yadda Tukubar Hausa Ta Zama 'Yar Gari A Omdurman

Duk Bahaushen da ya ji kalmar agashe ba ya neman tafinta. Nama ne da ya sha wuta, yana nan a gashe. Amma da yawa daga cikinmu ba mu san cewa wannan kalma tana bakin miliyoyin mutanen da ba su jin ko "sannu" da Hausa ba. A Khartum da Omdurman, da Madani da Gadarif da Kassala, har zuwa gaɓar Bahar Maliya, idan ɗan Sudan ya ce wa abokinsa su je cin agashe bayan magariba, tsire yake nufi, irin wanda ake kafawa a tukubar Kano ko Katsina ko Maraɗi. Suna rubuta sunan da haruffan Larabci a allunan shaguna, kuma in ana lissafa abincin ƙasar sai a saka shi kusa da kisra da asida.

Abin da nake so in tattauna da mai karatu, ko mai sauraro, shi ne yadda aka yi wannan nama ya yi tafiyar fiye da kilomita 2,500 ya zauna daram a bakin kogin Nilu. A ganina, tarihin Hausawan Sudan ba ya cika idan an tsaya ga sarakuna da malamai kaɗai. Akwai babin da mahauta da mata masu talla suka rubuta da tsinke da faifai, kuma wannan babin ne ya nuna wani abin mamaki: abincin Bahaushe ya zama ɗan ƙasa a Sudan tun kafin a yarda mai shi ɗan ƙasa ne.

Hanyar gabas

Aikin hajji ne mafarin zancen. Kafin jirgin sama, maniyyaci daga ƙasar Hausa yakan bi ta Borno, ya tsallaka Fallomi, wato Injamena ta yau, ya wuce Abeshe, ya shiga Darfur ta Aljinaina da Alfashir, ya ratsa Kurdufan, sannan ya iso Nilu. Daga nan sai Sawakin a bakin teku, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, domin guzuri yakan ƙare a hanya. In ya ƙare sai a yada zango, a yi noma ko ƙodago ko wata sana'a, a tara abin da za a ƙara gaba. Ni kaina na taso ina jin ana ambaton wani ƙanen kakana da ya yi gabas a ƙasa, aka yi ta jiran dawowarsa har masu jiran suka ƙare. Da wuya ka samu tsohon gida a Kano ko Sakkwato da ba shi da irin wannan labari.

Bayan hajji kuma akwai hijira. Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ake da zancen cewa wata rana jama'a za ta yi ƙaura zuwa gabas, wajen Nilu, don tarar Mahadi. Da Muhammad Ahmad ya bayyana a Sudan, ya ci Khartum a watan Janairun 1885, labarinsa ya kai ƙasarmu, har Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa. Sai kuma Turawa suka ci Kano da Sakkwato a farkon 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita da dubban mutane da niyyar gabas, aka tare shi a Burmi, ya yi shahada ranar 27 ga Yulin 1903. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'a har Sudan, suka kafa gari a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Har gobe sunan garin Mai Wurno.

Turawan Ingila da ke mulkin Sudan sun ga amfanin waɗannan baƙi. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aka shiga neman hannuwan aiki, kuma mutanen yamma suka zama ƙashin bayan ƙodagon gonakin. Mutanen ƙasa suka haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare cikin suna ɗaya, Fallata, wani lokaci kuma Takarir, wadda daga gare ta muka samo kalmar takari. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya zauna da su, ya wallafa littafi a 1995, inda ya nuna cewa akwai jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan, ba su taɓa ganin Makka ba, ba su taɓa ganin Kano ba, amma har lokacin suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanya.

Gari a bakin ruwa

Khartum tana zaune ne a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, wurin da ake kira Mugran. Omdurman tana tsallake, a gaɓar yamma. Ƙaramin ƙauye ce kafin Mahadi ya sauka a cikinta a 1885, magajinsa Halifa Abdullahi ya mayar da ita babban birni, ta riƙe wannan matsayi har Turawa suka ci ta bayan yaƙin Karari a watan Satumbar 1898. Ko da yake ba a bakin teku take ba, garin tasha ce. Unguwar Maurada sunanta ma na nufin mashigar ruwa, nan jirage ke sauke hatsi da itace, nan kuma kasuwar kifi take. A Abu Rauf ake sassaƙa jiragen. Daga yamma kuwa ayarin raƙuma da garken shanu na Kurdufan da Darfur ke shigowa.

Garin da jirgi ke sauka, ayari ke sauka, gari ne na mutanen da ba su da murhu a kusa. Ɗan dako, da matuƙin jirgi, da makiyayin da ya kawo dabba kasuwa, da baƙon da ke jiran jirgin ƙasa zuwa teku, dukkansu sai sun ci a waje. Haka abin yake a Sawakin, haka yake a Bur Sudan, wadda ake ce wa Port Sudan a labarai, tashar da Turawa suka fara ginawa a 1905 saboda manyan jirage ba sa iya shiga Sawakin. Bahaushe kuwa ya fito daga ƙasar da cin kasuwa da talla suka daɗe da zama tsari. Ya iske masu yunwa, shi kuma yana da sana'ar a hannu.

Inda Hausawa suka zauna a babban birnin ma labari ne. A kudancin Khartum akwai tsohuwar unguwar da aka sani da Ishash Fallata, ma'ana bukkokin Fallata, wadda gwamnati ta tashe ta daga baya ta tura mutanenta can gefen gari. A yammacin Omdurman kuma, bayan farin 1984 da 1985 ya koro dubban mutane daga Kurdufan da Darfur, yaƙin kudu ya koro wasu, sai gwamnati ta yanka fili a farkon shekarun 1990 ta kwashe mazauna unguwannin da ba su da takarda ta zuba su a can. Sunan wurin Dar Salam. Unguwa ce ta talakawa daga kowace kusurwa ta ƙasar, da Hausawa a cikinsu, kuma tana maƙwabtaka da Kasuwar Libya, da kasuwar dabbobi ta Muwailih, da Kandahar inda mutanen birni ke zuwa takanas don cin gasasshen nama. Duk lokacin da aka tura talaka bayan gari, tukuba da faifai sukan bi shi, sannan da yamma su dawo cikin gari neman ciniki.

Sana'ar da ba ta neman takarda

Me ya sa abinci, ba wata sana'a ba? Amsar tana cikin halin baƙo. Gona tana neman mallakar ƙasa. Aikin gwamnati yana neman takardar ɗan ƙasa. Babban shago yana neman jari da lasisi. Tukuba kuwa tulin rairayi ce, da gawayi, da tsinke, da wuƙa mai kaifi, da cinyar sa wadda mahauci zai iya ba ka bashi da safe ka biya da dare. Wanda ya san aikin zai iya kafa ta a ranar da ya sauka, in aka kore shi kuma ya kafa wata gobe a wani lungu.

Wanda ya san tsire, in ya ga yadda ake agashe a Omdurman, zai gane ɗan gida. Ana fere nama siriri, a soke a tsinke, a birkiɗa shi cikin garin ƙuli-ƙuli da aka haɗa da citta da barkono da gishiri da sauran kayan yaji, a yayyafa man gyaɗa. Sannan a kakkafa tsinkayen a kewaye da wuta, nesa kaɗan da harshenta, zafi ya riƙa ratsa naman a hankali ana juyawa. A yanka albasa, a matsa lemon tsami, a ci da burodi. Mutanen Sudan suna da nasu gashin tun asali. Akwai shayya, wadda ake yi a kan garwashi ko a kasko, akwai salat na mutanen gabas, wanda ake gasawa a kan duwatsu masu zafi. Abin da ya raba agashe da su shi ne ƙuli-ƙuli da tsinke da wannan da'irar wuta, kuma duka ukun daga yamma suka zo.

Ita kanta gyaɗar baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Asalinta Amurka ta Kudu, 'yan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma, ta shigo ƙasar Hausa ta samu wurin zama, har da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ta zama dalar da duniya ta san birnin da ita. Matan Hausa ne suka ƙware wajen matse mai su soya tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli. Saboda haka kowane tsinken agashe aikin mutum biyu ne, namiji a bakin wuta da mace a bakin turmi cikin gida. Akwai kuma wata kalma da ke ɗaukar hankalina. Niƙaƙƙiyar gyaɗar da mutanen Sudan ke zubawa a salak da miya, dakwa suke ce mata. Kunnen Bahaushe ba zai ji wannan ya kasa tuna dakuwa ba.

Sana'ar tana ɗauke da tsarinta na koyo, kuma ta nan ne al'ada ke wucewa daga hannu zuwa hannu. Yaro ba ya fara da wuƙa. Yana farawa da fiƙe tsinke da hura wuta da wanke faranti, ya kai ga jera nama, sai an ga hankalinsa sannan a bar shi ya fere, daga ƙarshe a nuna masa ma'aunin yaji, wanda kowane maigida ke ɓoyewa kamar laƙani. A duk tsawon wannan koyo, da Hausa ake yi masa faɗa, da Hausa ake yaba masa. Yaron da ke karatu da Larabci a makaranta, yana wasa da Larabci a titi, a gindin tukuba yake samun harshen kakanninsa yana aiki. Da mai saye a yi Larabci, da an juya ga na gida a koma Hausa.

Faifan Hajiya

In maza sun riƙe wuta, mata sun riƙe faifai. A ƙofar makarantu da tashoshin mota da bakin asibitoci na Khartum da Omdurman, an daɗe da sanin tsohuwa zaune da tire a gabanta, ta ƙulla gyaɗa a 'yan ledoji ko takarda, ga 'ya'yan kankana soyayyu da ake kira tasali. Gyaɗar a cikin rairayi mai zafi ake soya ta, kamar dai yadda iyayenmu ke yi. Mutanen gari suna kiranta ful al-hajjat, wato gyaɗar Hajiyoyi. Duba wannan suna da kyau. Matar da ta baro gida don hajji, ko aka haife ta a kan hanyar hajji, gari ya ba ta laƙabin tun kafin ta ga Ka'aba, ya kuma liƙa shi a jikin abin da take sayarwa. Tarihin tafiyar gaba ɗaya yana cikin sunan ƙullin gyaɗa na 'yan kuɗi kaɗan.

Akwai kuma godo-godo, abin sha na gero, ɗan'uwan kunu da fura, wanda a Sudan kowa ya san na Hausawa ne. Ma'aikacin da ya fito da asuba, da mai azumin da ke neman abin da zai riƙe masa ciki, sun san darajarsa. Tsarin da ke bayan wannan ciniki shi ne wanda muka sani a gida: matar aure tana sarrafawa a cikin gida, tsohuwa ko yarinya ta fitar. Da ribar ake zubin adashi, wanda mutanen Sudan ke kira sanduk, da shi ake kayan ɗaki, ake biyan kuɗin makaranta, a da kuma da shi ake tara kuɗin jirgin Jidda.

Ba Hausawa kaɗai ke zaman titi ba. Matan shayi, waɗanda ake kira sittat al-shai, da 'yan kujerunsu da butocin gahawa, yawancinsu daga Dutsen Nuba da Darfur da kudu suka fito, kuma wahalarsu ɗaya da ta mai gyaɗa. Kalmar da duk mai talla a Khartum ke tsoro ita ce kasha, wato samamen hukuma, a kwashe tukwane da kujeru a mota, sai an biya tara a karɓo. Dokar kiyaye tarbiyyar jama'a ta jihar Khartum ta 1996 ta ƙara wa matan nan ƙunci, ba a soke ta ba sai a watan Nuwambar 2019. Wata mai shayi, Awadiya Mahmud Koko, ta haɗa kan mata masu abinci da shayi cikin ƙungiyar taimakon juna tun 1990, har gwamnatin Amurka ta ba ta lambar yabo ta jaruman mata a 2016. Gwagwarmayarta ta amfani duk wadda ke zaune da tire a bakin hanya, ko da wane harshe take mafarki.

A ci tuwo, a ƙi mai tuƙi

Yanzu mu zo inda ke da ciwo. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta gindaya cewa sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Mutanen Mai Wurno bayan 1903 suka iso, ma'aikatan Jazira kuma bayan su. Da alƙalami ɗaya aka mayar da dubban waɗanda aka haifa a ƙasar baƙi. An sassauta sharaɗin daga baya, amma tabon ya zauna, kalmar Fallata ta zama abin gori a bakin wasu. Daga shekarun 1950 kuma jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano, hanyar ƙasa ta yi ta mutuwa, sai waɗanda ke Sudan suka zama ba sabbin zuwa daga gida, ba kuma cikakkiyar karɓuwa a inda suke.

A cikin waɗannan shekarun ne agashe ya yi ta hawa. Ya tashi daga lungun Fallata ya shiga manyan tituna, aka fara na kaza da na kifi, aka buɗe gidajen abinci masu fitilu da kujeru, waɗanda da yawa masu su ba Hausawa ba ne. 'Yan Sudan da ke zaune a Masar da ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha suka tafi da shi a matsayin abincin gida. Ban ga laifi a wannan ba, don abinci ba ya da shinge, mu ma mun karɓi shayi da burodi da gurasa daga wasu. Abin da ke damuna shi ne a so tsinke a ƙi hannun da ya soke shi. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu kan batun ƙasa da sarautar gargajiya ga Hausawa, aka kashe fiye da mutum 100, ya sake tashi a watan Oktoba da asarar da ta fi ta farko. Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Kassala da Gadarif da Bur Sudan. Tambayar da ke ƙarƙashin rikicin ita ce tsohuwar nan: shin wanda kakansa ya yi fiye da shekara 100 a ƙasa, ɗan ƙasa ne ko baƙo?

Bayan wuta ta ci gari

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, a tsakiyar Khartum, cikin watan azumi. Fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. Yammacin Omdurman, da Dar Salam da Kasuwar Libya, sun daɗe a hannun RSF, sai a 2025 sojoji suka karɓe su. Gwamnati ta koma Bur Sudan, dubban mutanen Khartum suka bi ta. Hanyar da kakanni suka bi daga Nilu zuwa teku don neman jirgin Jidda, ita jikoki suka bi don tsira da rai.

Waɗanda suka rage a birnin kuwa, abin da ya riƙe da yawansu shi ne takaya, wato dafa-dukan unguwa, manyan tukwane a bakin titi ana raba wa kowa kyauta. Sunan daga zawiyoyin Sufaye ya fito, inda aka saba ciyar da baƙo da almajiri. Wanda ya iya dafa wa mutum 100 a kan murhun duwatsu, ya iya auna hatsi ya ishi layi, a lokacin ya fi mai digiri amfani. Ilimin titi da aka raina shekara da shekaru, wanda kasha ke kwashewa a mota, shi ya tsaya tsakanin unguwanni da yunwa.

Ina da yaƙinin tukuba za ta sake tashi a Omdurman, don sana'ar da ta tsira daga Burmi da fari da rusau ba ta rasa yadda za ta yi. Abin da nake tsoro shi ne tsofaffin da suka san labarin, waɗanda za su iya gaya maka daga wane gari kakansu ya taso, a wane zango ya yi shekara nawa, yaƙi ya warwatsa su, wasu sun riga mu gidan gaskiya a sansanonin gudun hijira. Nan ne nauyi ya hau kanmu, mu marubutan Hausa. Muna da 'yan'uwa a Sudan da ke jin harshen da muke rubutu da shi, wayar hannu kuma ta rage nisan da kakanni suka yi shekaru suna takawa. A neme su, a ji daga bakinsu, a rubuta sunayen unguwanninsu da kalmomin sana'arsu da yadda Hausarsu ta gauraya da Larabci. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take, kuma su da ƙafa suka je.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mayar da kowa ɗakinsa, Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a kan hanyar gabas. Amin.